Manyan Agogunan Tsuntsu: Girma Na Tsayar da Baƙo, Sana'a Ke Riƙe Gari



A kudu maso yammacin ƙasar Jamus, cikin wani yanki mai tsaunuka da duhun itatuwa da ake kira Baƙin Daji, akwai wasu ƙananan garuruwa biyu maƙwabtan juna, Schonach da Triberg. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma babu wanda jama'arsa suka haura mutum 5,000. Amma kowannensu yana da agogon da ya kai girman gida, wanda mutum zai buɗe ƙofa ya shiga cikinsa ya tsaya. Idan lokaci ya cika, sai taga ta buɗe can sama, wani ƙaton tsuntsun katako ya leƙo ya yi kuka. A ƙasa kuma ga baƙi nan tsaitsaye daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ɗaga wayarsa yana jiran fitowar tsuntsun.

Irin waɗannan agoguna ba su tsaya a Jamus ba. Akwai su a Ajantina, akwai a Amurka, akwai a Kanada. To me zai sa mutane su kashe shekaru da dukiya wajen gina agogon da ba wanda ke buƙatarsa don sanin lokaci? Amsar da zan kawo muku a yau ita ce, waɗannan agoguna kiran kasuwa ne na wata sana'a da ta sha leƙa kabari tana dawowa. Darajar kowannensu kuwa tana rataye ne ga abin da ke tsaye a bayansa.

Bari mu fara da ƙaramin agogon, domin shi ne uban manyan. Ɗan akwati ne na katako mai siffar gida, ana rataye shi a bango. Tsuntsun da ke leƙowa daga cikinsa shi Jamusawa ke kira kukuk, dangin ragon maza ne da muka sani a nan, kuma namijinsa yana da kuka mai gaɓa biyu, ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. Agogon na asali ba ruwansa da batir ko wutar lantarki. Nauyi ne ke tafiyar da shi. Ana rataye dunƙulen ƙarfe biyu ko uku a jikin sarƙa, suna sauka a hankali, saukar tasu kuma tana juya wasu faifaye masu haƙora da ke ciki. Dunƙule ɗaya yana tafiyar da hannuwan agogo, na biyu yana kula da tsuntsu da ƙararrawa, na uku in akwai shi na kiɗa ne da 'yan mutum-mutumin da ke rawa. Sandar lilon da ke kai da komo a ƙasa ita ke hana nauyin zubewa gaba ɗaya, tana sakin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Mai gida zai ja sarƙa ya mai da nauyin sama, ko dai kullum ko sau ɗaya a mako, gwargwadon irin agogon da ya saya.

Muryar tsuntsun fa, daga ina take fitowa? A cikin akwatin akwai ƙananan sarewa biyu na katako, a kan kowace kuma an ɗora ɗan abin hura iska, tamkar zuga-zugin maƙera. Idan awa ta cika, wata waya takan ɗaga na farko ta sake shi, iska ta bi ta sarewa ta ba da gaɓar sama, nan take na biyu ya biyo baya da gaɓar ƙasa. A daidai lokacin wata wayar ta tura ƙofa, tsuntsu ya fito yana rusunawa. Ƙarfe uku kuka uku, ƙarfe goma sha biyu kuka goma sha biyu. Wannan dabara mai sauƙi ita ce ta ci da dubban iyalai tsawon ƙarnuka.

Mutanen Baƙin Daji ba su ne suka fara tunanin sa tsuntsu ya faɗi lokaci ba. Tun a shekarar 1629 wani attajiri ɗan birnin Augsburg, Philipp Hainhofer, ya rubuta bayanin wani agogo mai kukan kukuk da ya gani cikin kayan sarautar Saxony. A 1650 kuma malamin nan Athanasius Kircher ya zana yadda na'ura za ta kwaikwayi kukan tsuntsun a cikin littafinsa na ilimin kiɗa. Amma a wancan zamani irin wannan abu kayan fada ne. Abin da manoman Baƙin Daji suka yi, daga wajejen tsakiyar ƙarni na 18, shi ne suka sauko da shi zuwa ɗakin talaka.

Talauci ne ya tura su. Ƙasarsu tudu ce mai sanyi, dusar ƙanƙara kan rufe gonaki watanni da dama, kuma a al'adar yankin gona ba ta rabuwa, ɗa guda ke gadonta, galibi ƙaramin. Sauran 'ya'yan sai su nemi abin yi. Abin da suke da shi a yalwace katako ne da dogon hunturu, don haka suka kama sassaƙa agogo, har faifayen cikinsa da katako suke yin su da farko. Sannu a hankali aikin ya rarrabu: wannan gida na yin akwati, wancan na yin sarƙa, wani na zuba ƙarfe, wani na fentin fuskar agogo. Sannan ga fatake da ke goya agoguna a baya, su taka da ƙafa zuwa Faransa da Ingila, har Rasha da Daular Usmaniyya. A farkon ƙarni na 19 masu ƙera agogo a gundumomin Triberg da Neustadt sun kai ɗaruruwa, fatakensu ma haka.

Haɗari na farko ya zo a shekarun 1840. Kayan masana'anta masu araha, musamman na Amurka, suka fara ƙwace kasuwa, yunwa kuma ta addabi yankin. Gwamnatin Baden, mai mulkin yankin a lokacin, ba ta naɗe hannu ba. A 1850 ta buɗe makarantar koyon ƙera agogo a garin Furtwangen, ta ɗora wani injiniya mai suna Robert Gerwig a kanta. Shi kuma ya yi kira ga masu zane su kawo sabon fasali da zai farfaɗo da kasuwa. Wanda ya yi fice shi ne na Friedrich Eisenlohr, mai zanen gine-ginen jirgin ƙasa na Baden, wanda ya kwaikwayi ɗan gidan mai gadin layin dogo. Cikin 'yan shekaru masu sana'a suka zaunar da tsuntsun a wannan gida, suka ƙawata shi da sassaƙen ganyaye da tsuntsaye da kan barewa. Siffar da duniya ta sani ke nan har yau. Wannan Gerwig ɗin dai shi ya tsara layin dogon da ya ratsa tsaunukan Baƙin Daji ta Triberg, wanda aka kammala a 1873. Jirgin ya kawo baƙi masu zuwa kallon ruwan Triberg da ke gangarowa daga tsayin mita 163, baƙin kuma suka riƙa komawa gida da agogo a matsayin tsaraba. Tun daga nan sana'ar agogo da yawon buɗe ido suka ƙulla zumunci.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa agogon na ƙasar Siwizalan ne, kuma wani shahararren fim na 1949 da Orson Welles ya fito a ciki ya taimaka wajen yaɗa wannan kuskure. Gaskiyar magana ita ce, abin da Siwizalan ta ƙara shi ne fasalin gidan katako irin na makiyayan tsaunukanta da kuma akwatin kiɗa. Gidan sana'ar dai Baƙin Daji ne.

Haɗari na biyu ya fi na farko muni. A farkon ƙarni na 20 yankin ya zama cibiyar agogo ta duniya. Kamfanin Junghans na garin Schramberg, wanda aka kafa a 1861, ya kai matsayin masana'antar agogo mafi girma a duniya a 1903, yana da ma'aikata kimanin 3,000. Amma a ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir, kuma kafin shekara goma agogon batir mai araha, wanda ya fi na ƙarfe kiyaye lokaci, ya mamaye kasuwannin duniya. Manyan masana'antu na Baƙin Daji suka riƙa rufewa, dubban mutane suka rasa aiki. Agogon tsuntsu ya tsira ne saboda dalili guda: tuni ya daina zama abin duba lokaci, ya koma abin ƙawa da tsaraba. Sojojin Amurka da aka girke a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kwashe shi da yawa zuwa gidajensu, har ya zama alamar Jamus a idon Amurkawa. To mai sayar da tsaraba kuwa babbar buƙatarsa ita ce matafiyi ya taka birki a ƙofarsa. Daga wannan buƙata aka haifi manyan agogunan.

An ga alamar haka tun a 1946 a birnin Wiesbaden, inda sojojin Amurka suke da yawa. Wani mai shagon tsaraba ya mai da fuskar shagonsa ƙaton agogon tsuntsu, kuma yana nan har yanzu. Amma gasar ta haƙiƙa a Baƙin Daji aka yi ta. A Schonach, wani maƙerin agogo mai suna Josef Dold ya ɗauki injin ƙaramin agogo ya ninka girmansa sau 50, ya sassaƙa shi da katako, ya gina masa gida irin na manoman yankin. Ya kammala a 1980, ya kuma shiga kundin bajinta na Guinness. Daga baya sai maƙwabta suka motsa. A Schonachbach da ke kusa da Triberg, Ewald Eble da ɗansa Ralf suka shafe shekara biyar suna gina nasu, wanda ya ninka na asali sau 60. Suka gama a 1994, Guinness kuma ta amince da shi a 1997. Mutanen Schonach ba su rushe nasu ba, ba su kuma yi jayayya ba. Suna kiransa na farko da ya riƙe kambun girma a duniya.

Mai sauraro, ka saurari ƙididdigar agogon Triberg. Injinsa mita huɗu da rabi ne a tsaye, mita huɗu da rabi a kwance, nauyinsa tan 6. Sandar lilonsa ta kai mita 8. Tsuntsun kansa tsawonsa mita huɗu da rabi, nauyinsa kilo 150. Kuma muryar da yake fitarwa ba ta lasifika ba ce. Iska ce ake hurawa cikin manyan sarewa na katako, daidai yadda ake yi a ƙaramin.

A nan ne nake ganin hikimar abin, kuma a nan nake so mu ɗan dakata. A ƙaramin agogo komai a ɓoye yake. Mai saye yana ganin ganyayen sassaƙa da tsuntsu, amma bai san abin da ke gudana a bayan allon ba, don haka bai san dalilin da zai sa ya biya kuɗi mai yawa ba alhali ga na roba can mai araha. Idan ya shiga cikin ƙaton agogon, sai asirin ya tonu a gabansa. Zai ga faifai ya fi shi tsawo yana juyawa a natse, zai ga yadda haƙori ke kama haƙori, zai ga sandar lilo tana riƙe ƙarfin nauyin tana sakinsa kaɗan-kaɗan, zai ga abin hura iska ya ɗaga ya faɗi kafin sautin ya iso kunnensa. Yaro ɗan makaranta zai fahimci cikin minti biyar abin da malami zai yi mako yana zanawa a allo. Gani ya kori ji. Wanda ya fito daga nan ya shiga shagon da ke maƙale da shi, da wani ido zai dubi ƙaramin agogon da ke bango, domin yanzu ya san aikin hannun da ke ciki.

Kuma kada mu ɗauka ninka abu sau 60 wasa ne. Katako yana kumbura da damina yana tsukewa da rani, kuskuren da ba a gani a ƙaramin faifai yakan zama babba idan faifan ya kai mita biyu. Sai wanda ya san ƙaramin agogo ciki da waje zai iya sa babban ya yi tafiya daidai. Saboda haka agogunan Schonach da Triberg shaida ce ta ƙwarewa, ko da an gina su ne don jawo ciniki.

Daga nan gasar ta bazu, kuma a nan ne rauninta ya fara bayyana. Garin Gernrode da ke tsaunukan Harz ya gina nasa a 1997, mai tsayin mita goma sha huɗu da rabi. Garin Sankt Goar na bakin kogin Rhine yana alfahari da mafi girma cikin waɗanda ke rataye. Wannan ya ce nasa ya fi tsawo, wancan ya ce nasa ya fi faɗi, wani ya ce a auna inji kada a auna gini. Kowa ya zaɓi ma'aunin da zai ba shi nasara. Irin wannan kambu ba ya daɗewa a kan kowa, domin duk abin da aka gina da mita, gobe wani zai ƙara masa mita ɗaya.

Yanzu mu tsallaka teku. A ƙasar Ajantina, a lardin Kordoba, akwai garin shaƙatawa mai suna Villa Carlos Paz a bakin tafkin San Roque. Wasu injiniyoyi Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa can suka gina agogon tsuntsu mai tsayin kimanin mita 7, aka ƙaddamar da shi ran 25 ga Mayun 1958, ranar da ƙasar ke bikin tunawa da juyin juya halinta na 1810. Baƙi ne suka ba garin da ya karɓe su kyautar abin da suka iya. Yau sama da shekara 60 ke nan, agogon ya zama tambarin garin, kuma iyalan Ajantina da ke zuwa hutu ba sa jin sun je Carlos Paz sai sun ɗauki hoto a gabansa.

A jihar Ohayo ta Amurka labarin ya ɗan bambanta. An gina wani ƙaton agogo a 1972 domin wani gidan cin abinci da ke garin Wilmot, tsayinsa ya haura mita 7, faɗinsa ma haka, har hotonsa ya hau bangon kundin Guinness a ƙarshen shekarun 1970. Da gidan abincin ya rufe, agogon ya shiga halin lalacewa. Sai aka ɗauke shi zuwa Sugarcreek, wani ƙaramin gari da zuriyar 'yan ƙaura daga Siwizalan da Jamus suka kafa, wanda ya shahara da yin cuku. Mutanen garin suka haɗa hannu aka gyara shi, ya koma aiki a 2012 a tsakiyar gari. Duk rabin awa tsuntsu na fitowa, 'yan mutum-mutumin makaɗa su biyo baya, wasu biyu su taka rawa. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne gyaran. Gina sabon abu yana da daɗi, kowa na son a gan shi wajen yanke ƙyalle. Ɗaukar abin da ya tsufa a raya shi kuwa sai mutanen da suka ɗauke shi nasu.

Misali na uku yana garin Kimberley a yammacin Kanada. Garin ya rayu ne a kan wata babbar mahaƙar dalma da tutiya mai suna Sullivan. Shugabanninsa sun san duk mahaƙa tana da ranar ƙarewa, don haka a farkon shekarun 1970 suka yanke shawarar sauya wa tsakiyar garin kama ya koma irin ƙauyukan Bavariya na Jamus, suka kafa ƙaton agogo a dandali. Idan ka jefa tsaba, wani mutum-mutumi ne ke leƙowa ya rangaɗa irin guɗar mazauna tsaunuka. An rufe mahaƙar a 2001, garin kuma bai mutu ba. Ba zan raina hangen nesan mutanen Kimberley ba, domin sun nemi mafita tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amma rigar aro ce suka sa, kuma daga baya su da kansu suka fara rage dogaro da ita, suka koma tallata tsaunukansu da wasannin dusar ƙanƙara da hanyoyin yawo a daji, wato abin da yake nasu na gaske.

Idan muka jera waɗannan misalai za mu ga hawa uku. Akwai agogon da ke tsaye a kan sana'a mai rai, kamar na Baƙin Daji. Akwai wanda ke tsaye a kan tunawa da asali, kamar na Carlos Paz da Sugarcreek. Akwai kuma wanda aka aro don neman kasuwa kawai. Dukkansu suna iya tsayar da mota. Amma na farko ne kaɗai ke iya mai da tsayawar minti goma ta zama abincin iyali na shekara da shekaru.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye, wato tsuntsun kansa. Kukuk ba mazaunin Turai ba ne na dindindin. Yana isa Jamus a watan Afrilu, macen ta saka ƙwanta a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye su yi mata reno, kafin ƙarshen bazararsu kuma manyan sun kama hanyar Afirka. Tun daga 2011 masu binciken tsuntsaye a Birtaniya suke maƙala wa wasunsu 'yan na'urori da tauraron ɗan Adam ke bibiya. Binciken ya nuna suna ƙetare Sahara, da yawa suna yada zango a yankunanmu, ciki har da Cadi da Najeriya, su huta su yi ƙiba, sannan su wuce dazuzzukan Kwango. Ba ma jin kukan nasa a nan domin kukan neman aure ne, a Turai yake yin sa. Yawansa yana raguwa a Jamus da Birtaniya, har Jamusawa suka zaɓe shi tsuntsun shekara a 2008 don jawo hankali ga halin da yake ciki. Ƙwarin da yake ci suna raguwa saboda magungunan feshi da sauyin yanayin noma, ga kuma wahalar hanya. Ke nan itacen da aka sare a Sahel da fadamar da ta ƙafe suna da hannu a ko manomin Baƙin Daji zai ji kukan a watan Afrilu ko ba zai ji ba. Zai zama abin takaici ƙwarai a wayi gari na katako mai kilo 150 yana kuka duk rabin awa, na Allah kuma ya yi shiru a dajin da ke kewaye da shi.

To, ba kowa ne ke ƙaunar waɗannan manyan agoguna ba, har a cikin Jamusawa. Wasu na ganinsu a matsayin ƙyale-ƙyalen jan hankalin baƙi, wanda ke sa duniya ta ɗauki Baƙin Daji wani ƙauye da ya tsaya a ƙarni na 19. Suna da hujja. Yankin a yau cike yake da kamfanonin ƙera na'urori masu buƙatar auna abu daidai wa daida, kuma makarantar nan da aka buɗe a Furtwangen a 1850 ita ce tushen jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin yanzu. Wasu kuma suna kukan cewa shagunan da ke kewaye da manyan agogunan sun cika da kwaikwayo masu batir, waɗanda ake yi da araha a wasu wurare, muryar tsuntsunsu ma naɗaɗɗiya ce.

Na yarda da rabin wannan suka, amma ban yarda a yi watsi da agogunan ba. Ƙwarewar da ta haifi waɗancan kamfanoni na zamani daga teburin maƙerin agogo ta taso, kuma jama'ar da ta ji kunyar tushenta ta yi asara. Maganin kwaikwayo shi ne a bambance na gaske, kuma masu sana'ar sun yi hakan. A 1987 suka kafa ƙungiya da ke ba da takardar shaida ga agogon da aka ƙera a Baƙin Daji, mai aiki da nauyi da faifaye kawai. A 1992 aka buɗe wata hanyar yawon buɗe ido mai tsawon kimanin kilomita 320 da ake kira Hanyar Agogo ta Jamus, wadda ta haɗa garuruwan sana'ar da gidajen tarihinsu, ciki har da babban gidan tarihin agogo na Furtwangen, domin baƙo ya kwana ya ci ya saya maimakon ya ɗauki hoto ya wuce. Wasu gidajen sana'ar kuma, irin su Rombach da Haas na Schonach, suka fito da sabon fasali marar tarkacen sassaƙa, mai launuka masu haske, don matasan birni su ma su rataya a ɗakunansu. Abin da Gerwig ya yi a 1850 ke nan aka maimaita: a riƙe injin, a sabunta rigar.

Saboda haka, jama'a, ga inda na tsaya. Duk garin da ke tunanin gina wani ƙaton abu don jawo baƙi, ya fara tambayar kansa abin da baƙon zai tarar bayan ya gama ɗaukar hoto. Idan akwai masu sana'a da za su nuna masa aikinsu, akwai kaya na gaske da zai saya, akwai yara da ke koyon aikin a hannun manya, to kuɗin ginin bai tafi a banza ba. Idan babu waɗannan, a fara da su tukuna, ginin ya biyo baya. Mutanen Baƙin Daji sun yi fiye da shekara 200 suna ƙera ƙananan agoguna kafin su gina babba ko ɗaya, kuma wannan tsari na gaba da baya shi ne sirrin nasararsu. Ma'aunin da ya kamata a riƙa duba waɗannan wurare da shi shi ne yawan matasan da suka karɓi sana'ar daga iyayensu da yawan gidajen da ke ci daga gare ta, domin su ne za su gyara agogon idan ya tsaya, su ne kuma za su ƙera wanda baƙo zai kai gida.